Ɗorin Gargajiya a Ƙasar Funtua da Malumfashi: Abin da Hannu Ya Sani da Abin da Ya Ɓuya Gare Shi

Gabatarwa

Cikin sana'o'in warkarwa da Bahaushe ya gada, babu wadda ta riƙe martabarta a gaban asibiti kamar ɗori. Wanzami yana ta rasa kaciya ga ma'aikatan lafiya, ungozoma tana ganin masu ciki suna wucewa awo, boka kuwa sai an waiwaya hagu da dama ake shiga gidansa. Amma maɗori da rana tsaka ake yi masa sallama, kuma masu sallamar sun haɗa da manomi da ɗan kasuwa da malamin makaranta. Har ta kai dangi kan sa hannu a takarda su ɗauke ɗan'uwansu daga gadon asibiti, su ce za su kai shi gida a ɗora shi.

A kudancin Jihar Katsina wannan al'amari ba ƙarami ba ne. Funtua mahaɗar hanyoyi ce: ta Zariya, ta Gusau zuwa Sakkwato, ta Birnin Gwari, da wadda ta bi ta Bakori da Malumfashi. Ƙasa ce ta masara da auduga da dawa da waken suya, inda manyan motoci da babura da amalanken shanu ke gogayya a kan titi ɗaya. Inda ake noma da sufuri haka, karaya ba baƙuwa ba ce. Wannan nazari zai auna ɗori da ma'aunin da ya dace da shi, wato ƙirar ƙashi da gaɓa da yadda suke aiki, don a gane inda sana'ar ta yi daidai da inda take cutarwa.

Ƙashi abu ne mai rai

Wanda ya saba ganin ƙashi a bayan mahauta zai ɗauka busasshen abu ne. A jikin mai rai ba haka yake ba. Baligi yana da ƙasusuwa 206, jariri kuwa yana zuwa duniya da kimanin 270, sai wasu su haɗe yayin da yake girma. Hannu ɗaya, daga wuyansa zuwa kan yatsu, yana da 27, ƙafa tana da 26. Haƙarƙari 24 ne, 12 a kowane gefe. Gadon baya jerin ƙasusuwa 33 ne: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 na ƙasa kuma sukan manne da juna, laka tana bi ta tsakiyar jerin. Ƙashi mafi tsawo da ƙarfi a jiki shi ne na cinya, mafi ƙanƙanta kuma yana cikin kunne, tsawonsa kimanin milimita 3 ne.

Abu biyu suka haɗu suka yi ƙashi: zaren kolajin mai ba shi juriya, da gishirin kalsiyam mai ba shi tauri. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana ajiye ne a ƙasusuwa da haƙora. Wani tantani mai cike da jijiyoyin jini da na jin zafi ya lulluɓe kowane ƙashi, shi ya sa karaya ke da raɗaɗi haka. A ciki kuma akwai ɓargo, inda ake ƙera jini. Ƙwayoyin halitta iri biyu suna aiki dare da rana, wasu suna rushe tsohon ƙashi, wasu suna gina sabo, har a kowace shekara a sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi.

Gaɓa ita ce inda ƙashi ya sadu da ƙashi. Guringuntsi mai santsi ya rufe bakin kowanne, ruwa mai yauƙi yana tsakaninsu, igiyoyi masu ƙarfi sun ɗaure su ta waje. Kafaɗa da kwatangwalo dunƙulallen kai ne a cikin ƙoƙo, sai dai ƙoƙon kafaɗa ba shi da zurfi, shi ya sa ta fi kowace babbar gaɓa juyawa, ta kuma fi saurin gocewa. Gwiwar hannu da ta ƙafa naɗewa da miƙewa ne babban aikinsu. Wani abu da ya kamata a riƙe shi ne guringuntsin gaɓa ba shi da jijiyar jini. Ƙashi yana gyara kansa, guringuntsi kuwa in ya lalace da wuya ya koma yadda yake.

Yadda maɗori ke aiki

Ɗori sana'ar gado ce. Yaro yana tashi yana riƙe wa mahaifinsa ƙafar majinyaci, yana miƙo tsumma, yana kallo shekara da shekaru kafin a bar shi ya taɓa karaya. A garuruwa da dama na ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Ɗori, abin da ke nuna matsayin sana'ar a idon jama'a da masarauta.

In an kawo wanda ya karye, maɗori yakan tambayi yadda aka yi, ya dubi yadda gaɓar ta karkace, sannan ya lalube ta da yatsu har ya gano bakin karayar. Daga nan sai ƙarfafa su danne majinyaci, shi kuma ya ja, ya daidaita ƙasusuwan. Sai ya shafa man shanu ko man kaɗanya, sau da yawa haɗe da garin magani, ya naɗa ƙyalle, ya jera karare ko tsagin gora ko siraran itatuwa kewaye da wurin, ya ɗaure. Bayan 'yan kwanaki ya kwance, ya gasa da ruwan ɗumi, ya murza, ya sake ɗaurewa. Duk wannan yana tafiya da tofi da addu'a, kuma bakin maɗora ɗaya ne a kan cewa su ɗori suke yi, Allah ke warkarwa. A wasu gidajen akan karya ƙafar kaza a ɗora ta tare da ta mutum, a ce ranar da ta taka shi ma zai taka.

In aka ware tofi da kaza gefe, abin da ya saura matakai uku ne: a daidaita ƙashi, a hana shi motsi, a maido da gaɓa bakin aiki. Waɗannan ukun su ne ginshiƙan aikin likitan ƙashi a ko'ina. Likitan Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe sashe guda na littafinsa At-Tasrif ga ɗori, kuma a kan waɗannan matakan ya gina shi. Ke nan ba a kan iska maɗori ya kafa sana'arsa ba.

Dalilin da ya sa ɗori ke kamawa

Masanin nan Murray Last, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi yana nazarin al'adun jinya, ya wallafa wata maƙala a 1981 inda ya nuna cewa mutane da yawa suna karɓar magani ba tare da sun damu da sanin yadda yake aiki ba. A ganina ɗori ya fita daban da sauran magungunan gargajiya ta fuska guda: sakamakonsa a fili yake. An kawo mutum ranga-ranga, bayan wata biyu an gan shi a gona. Wannan shaida ce da ba ta buƙatar dogon bayani.

Sai dai tambayar ita ce, wa ya haɗa ƙashin? Da zarar ƙashi ya karye, jini yakan taru ya daskare a tsakanin ɓangarorin biyu, wurin ya kumbura. Wannan gudan jini shi ne harsashin gyara. Cikin mako biyu zuwa uku jiki yakan saƙa wani taushin nama mai guringuntsi ya haɗa bakin karayar. Daga nan kalsiyam ya shiga yana taurara shi, har ya zama ƙullin da ake ji a ƙarƙashin fata, wanda in maɗori ya taɓa yakan ce ɗori ya kama. A wurin baligi wannan yakan ɗauki mako 6 zuwa 12, gwargwadon ƙashin da ya karye; na yaro ya fi sauri. Sannan a shafe watanni, wani lokaci shekaru, jiki yana sassaƙe ƙullin yana maido da siffar ƙashi. Likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana a 1892 cewa ƙashi yana ginuwa ne daidai da nauyin da ake ɗora masa, don haka al'adar maɗora ta sa majinyaci ya fara takawa da sanda in lokaci ya yi tana da tushe.

Ma'anar wannan ita ce ƙashi shi ke haɗa kansa, da ikon Wanda Ya halicce shi. Man shafawa ba ya ratsa fata da tsoka ya liƙe ƙashi, simintin asibiti ma ba ya liƙe shi. Duka biyun hanya suke ba jiki ya yi aikinsa. Shi ya sa karaya rufaffiya, wadda ba ta goce sosai ba, a tsakiyar dogon ƙashi, takan warke a hannun maɗori mai hankali. Yara sun fi kowa samun wannan rangwame, domin ƙashinsu kamar ɗanyen karan dawa yake, yakan tanƙware ya tsage ta gefe ɗaya maimakon ya ɓalle biyu, kuma girma yakan miƙe ɗan karkacewar da ta rage. Yawancin sunan da maɗora suka yi, a kan irin wannan karaya suka yi shi, kuma sun cancanci yabo a kanta.

Inda hannu ba ya gani

Matsalar tana farawa ne daga abin da ke kewaye da ƙashi. Tsokokin sangalin hannu da na ƙwauri suna cikin wasu jakunkuna masu tauri da ba sa buɗewa. Bayan karaya kumburi yakan ci gaba da ƙaruwa har kwana biyu ko uku. In aka ɗaure karare tamau tun ranar farko, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini. Tsokar da jini ya yanke mata takan fara mutuwa cikin kimanin awa 6. Alamun a bayyane suke: ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kururuwa in an miƙe yatsu, yatsun su kumbura su yi sanyi, su daina ji, fata ta yi ƙuraje masu ruwa, daga baya ta yi baƙi. Abin takaici, a daidai wannan lokaci ne ake ce wa yaro ya yi haƙuri, ɗori ne ke kamawa.

In ɓarnar ta tsaya rabi, hannu yakan ƙanƙance yatsu su lanƙwashe har abada, nakasar da likita Richard von Volkmann ya siffanta tun 1881. In ta kai ƙarshe, gaɓar takan ruɓe, kuma ba abin da zai ceci rai sai yankewa. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun wallafa bincike a 1998 da ya nuna ɗorin gargajiya yana cikin abubuwan da ke kai mutane ga rasa hannu ko ƙafa. Mafi ban tausayi su ne yaran da suka faɗo daga bishiyar mangwaro suka dafa ƙasa, ƙashin damtse ya karye dab da gwiwar hannu. Babbar jijiyar jinin hannu ta gaban wurin take wucewa, ɗauri kaɗan ya isa ya toshe ta.

Gaɓoɓi su ne wuri na biyu. Karayar da ta ratsa cikin gaɓa tana buƙatar daidaitawa ta ƙwarai, domin ɗan tudu na milimita kaɗan zai riƙa cin guringuntsi har gaɓar ta sandare ko ta zama ciwon kullum. Yatsa ba ya iya auna wannan ta bayan kumburi. Wuyan ƙashin cinya, wanda tsofaffi kan karya in sun zame, yana can cikin tsoka inda kara ba ya riƙewa, kuma karayar takan yanke jinin da ke ciyar da kan ƙashin. Kwatangwalon da ya goce yana son a mayar da shi cikin awoyi kaɗan. Sau da yawa abin da ake kira targaɗe ana ta murzawa, karaya ce ko gocewa, sai bayan watanni a gane. A jikin yara kuma akwai siririn guringuntsi kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwa, wanda daga nan ƙashi ke ƙara tsawo. In aka ja shi da ƙarfi aka lalata, ƙafa ɗaya za ta girma ta bar ɗaya.

Na uku shi ne karaya mai rauni, inda ƙashi ya huda fata. Ƙasar gona da kashin dabbobi suna ɗauke da ƙwayar cutar tsinkau-tsinkau mai sandare muƙamuƙi. Zuba garin magani a irin wannan rauni a rufe da tsumma yakan jawo ƙashi ya yi ɗiwa, ya shekara yana zubar da mugunya. Na huɗu shi ne gadon baya da wuya, inda ja ko murzawa ke iya tsinke laka mutum ya shanye. Akwai kuma ciwon ƙashin da ba karaya ba ne sam, irin na masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ke mutuwa saboda toshewar jini, da na yaran da ƙafafunsu ke gwamewa don ƙarancin kalsiyam a abinci. Waɗannan ɗauri ba ya yi musu komai.

Karayar jiya da ta yau

Kakannin maɗoran yau sun ƙware ne a kan karayar zamaninsu: faɗowa daga doki ko jaki ko bishiya, harbin saniya, kokawa da dambe, ruftawar katanga da damina. Yawancinta karaya ce guda, rufaffiya. Ta yau daban ce. Ɗan acaɓa ya yi karo da tirela a hanyar Zariya, motar da ta ɗauko masara daga kasuwar Dandume ta kife da 'yan dako a samanta, bel ɗin injin casa ya fizgi hannun matashi, ga kuma raunin harsashi da matsalar tsaro ta jawo wa ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Irin wannan ƙarfi yakan farfasa ƙashi gutsi-gutsi, ya yaga tsoka da jijiya. Karayar cinya kaɗai tana iya zubar da jini fiye da lita 1 a cikin jiki ba a ga ɗigo a waje ba. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Ilimin da aka gada bai ƙaru daidai da yadda raunukan suka ƙaru ba, kuma ga sababbin shiga da ba su gada ba, ba su koya ba, sun ga kasuwa ce kawai.

Me ya sa ake gudun asibiti

Kuskure ne a ce jahilci ne kaɗai. Maɗori yana kusa, yana magana da harshen majinyaci, yana zuwa har gida. Ba ya cewa a biya kafin ya taɓa, sau da yawa sai an warke ake kai abin da ya sawwaƙa, ko da buhun hatsi ne bayan kaka. A asibiti kuwa akwai kuɗin kati da na hoto da na aiki da na ƙarfen da za a sa, ga jinyar makonni nesa da gida a lokacin da gona ke jiran noma. Likitocin ƙashi kaɗan ne, yawancinsu suna manyan birane. Mutumin ƙauyen Ƙafur ko Ɗanja da karayarsa ta fi ƙarfin babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, sai dai a wuce da shi asibitin koyarwa na Zariya ko Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Sai kuma tsoron nan da ya zauna a zukata, wai asibiti yanke ƙafa suke yi. A nan akwai wani zagaye mai ban takaici. Ana gudun asibiti don tsoron yankewa, a ɗaure gaɓa a gida har ta ruɓe, a kai ta asibiti lokacin da ba sauran dabara, likita ya yanke, labari ya koma ƙauye cewa ga shi an yanke. Kowane yankewa yana ƙara tsoron da zai jawo na gaba.

Hanyar gyara

Tarihin likitancin ƙashi da kansa yana nuna mafita. Hugh Owen Thomas, wanda ake ɗauka uban wannan fanni a Birtaniya, ɗan gidan maɗora ne daga yankin Wales. Mahaifinsa maɗori ne, shi kuma ya haɗa gadon gida da karatun likita. Ƙarfen riƙe cinya da ya ƙirƙiro ya ceci ɗimbin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma har yau ana amfani da shi. Abin da ya raba likita da maɗori daga baya shi ne hoton ƙashi, wanda ya samu bayan binciken Wilhelm Röntgen a 1895, da maganin sa barci, da kashe ƙwayoyin cuta. Gani ya kori ji. A kudancin Habasha, wani likita ya ba da rahoto a 2005 cewa gajeren horo da aka ba maɗora ya rage yawan gaɓoɓin da ake yankewa saboda matsewar ɗauri. Nijeriya ma tana da manufar ƙasa kan maganin gargajiya tun 2007, saura aiki da ita a matakin ƙaramar hukuma.

Abin da ake buƙata a Funtua da Malumfashi ba ya wuce ƙarfinmu. A tara maɗora ta hannun hakimai da sarakunan ɗori, a san su waye, a zauna da su cikin girmamawa. A yi yarjejeniya a kan iyaka: karaya mai rauni, ta gadon baya da wuya, ta kwatangwalo da cinya, ta cikin gaɓa, da ta gwiwar hannun yaro, duk na asibiti ne tun ranar farko. Sauran kuma a ɗauki hoto kafin ɗori da bayansa. A koya musu sa auduga ƙarƙashin karare, a yankin da auduga ba ta yi wuya ba, da barin yatsu a buɗe, da ɗaga gaɓar sama, da duba ta washegari. Ma'aikatan asibiti su ma su daina tarbar wanda ya zo daga gidan ɗori da faɗa, domin wanda aka kunyata yau gobe ba zai turo majinyaci ba. Gwamnati kuma ta sa jinyar karaya cikin tallafin lafiyar talaka.

Kammalawa

Ɗori sana'a ce ta gaskiya da aka gina a kan lura ta ƙarnoni, kuma za ta daɗe tana yi wa manomanmu amfani. Ƙarfinta yana wurin da jiki ke gyara kansa, rauninta yana wurin jijiya da gaɓa da rauni, inda yatsa ba ya gani. Saboda haka gwanintar maɗori a yau ba a yawan waɗanda ya ɗora za a auna ta ba, har da waɗanda ya duba ya ce wannan ba tawa ba ce, ku wuce asibiti yanzu. Iyaye kuma akwai abu guda da ya wajaba kowa ya sani: in an ɗora yaro, ciwo ya ci gaba da tsananta, yatsu suka yi sanyi ko suka daina ji, a kwance ɗaurin nan take, a nemi mota, kada a jira gari ya waye.